Famfon Baba Halliru

A takardar shiga tseren akwai layi ɗaya da Mubashir ya kasa cikewa. Ya rubuta sunansa, da shekarunsa ashirin da ɗaya, da ƙasarsa, da lambar wayarsa. Da ya zo layin ƙarshe, inda aka ce a sa sunan wanda zai riƙe maka keke na biyu, sai ya ajiye biro. Kwana huɗu takardar na aljihunsa, har gumi ya fara cinye rubutun.

Tseren ba irin wanda muka saba gani ba ne, na mutum ya hau kwalta ya yi ta taka feda har inda ƙarfinsa ya ƙare. Wannan Turawa ne suka ƙirƙiro shi don lokacin sanyi, suna ce masa kuros, kuma ko wane ne ya fara kawo shawarar, da gani ba ya son zaman lafiya. Fili ɗaya ake zagayawa sau takwas, a ratsa yashi, a faɗa taɓo, a tsallake katako, a hau tudu. Inda keke ya ƙi tafiya sai ka diro ka saɓa shi a kafaɗa ka ruga da gudu, wato wani lokaci kai ke hawansa, wani lokaci shi ke hawanka. Taɓo kan cika sarƙa da birki har taya ta daina juyawa, shi ya sa kowane ɗan tsere ke zuwa da keke biyu, da mutum guda da zai tsaya masa a wani shinge gefen hanya da ake kira wurin canji. Ka iso da gudu ka jefa masa mai datti, ya miƙo maka mai tsabta.

Keke na biyu ya samu, mai shagon kekunan da yake wa aiki ne ya ara masa. Mutum ne babu.

Shekara biyu da rabi ke nan Mubashir na Dubai, tun da ya baro Gwammaja. A Al Nahda yake kwana, ɗaki ɗaya da mutum biyar, 'yan Indiya biyu, ɗan Nepal, ɗan Uganda, da wani da har yau bai tabbatar da ƙasarsa ba don ba su cika haɗuwa a farke ba. Mutanen kirki ne, ba mai taɓa sabulun wani, amma dukansu suna aiki ranar Asabar. A shago kuwa duk wanda ya shigo sai ya ce masa habibi, ya dafa masa kafaɗa, ya karɓi kekensa ya tafi, babu wanda ya taɓa tambayar sunansa. Ya zauna a bakin gado ya bi sunayen da ke cikin wayarsa daga sama har ƙasa, sun fi ɗari uku. Kusan dukansu suna Kano. Abin ya ba shi kunya, ya kuma ba shi tausayin kansa, abin da bai cika yarda ya ji ba.

Ga shi kuma tseren ba na wasa ba ne. A farkon Disamba wasu matasa goma sha biyu suka sauka daga Beljiyam da kocinsu, gudun sanyin ƙasarsu na mako uku, don su yi atisaye a inda yatsa ba ya ƙanƙarewa. Kocin, wani dogon Bature mai furfura da ba ya dariya sai da dalili, shi ya hangi Mubashir wata safiya a yashin bakin teku na Mamzar yana ta faɗuwa da kekensa yana tashi shi kaɗai. Ya tsaya ya kalle shi na ɗan lokaci, sannan ya matso ya danna tayarsa da babban yatsa, ya girgiza kai. Ya durƙusa ya saki iska har tayar ta yi laushi kamar burodi.

"Yashi ba ya son taya mai tauri," in ji shi. "Mai tauri tana nutsewa, tana zamewa. Mai laushi tana baje kanta ta hau sama. Hau ka gani."

Mubashir ya hau, ya ratsa yashin nan har ƙarshe bai sa ƙafa a ƙasa ba. Daga ranar aka bar shi yana bin matasan atisaye. Sa'anninsa ne, kuma ba su da wulaƙanci, suna ba shi ayaba, suna ɗaga masa hannu. Sai dai in sun yi raha da yarensu suke yi, in an gama su shige motarsu zuwa otal, wasunsu ma da iyayensu da suka biyo su riƙe da tawul da filas. Shi kuwa ya ɗaure jakarsa a baya ya kama hanyar Al Nahda tsakanin motocin masu zuwa Sharja. A mako na biyu kocin ya kira shi gefe ya ce akwai gurbi ɗaya a tawagarsa. Ranar Asabar za a yi tsere a bakin sahara, bayan gari. In ya shigo cikin biyar na farko za a tafi da shi Beljiyam ya ƙarasa sauran tseren bana, biza da masauki duk a wuyansu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Mubashir kan gangara Al Ras, wani lungu bayan shagunan kayan ƙamshi, inda Hajiya Suwaiba ke sayar da tuwo da miyar kuka. Nan ne kaɗai a duk mako yake jin Hausa ba daga waya ba. Yawancin masu cin abincin 'yan kasuwa ne da suka zo sayen kaya, hirarsu ba ta wuce kwantena da kago da wa ya sauka wa ya tashi, kuma fuskar da ka gani wannan makon ba lalle ka ganta a na gaba ba. Mutum ɗaya ne ba ya canzawa, Baba Halliru, a ƙarshen benci kusa da bango.

Baba Halliru ya haura sittin. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaure kwalaye a wani ofishin kago, amma kafin nan shekara ashirin da takwas ya yi yana gyaran keke a gindin wata darbejiya a Fagge. Sana'ar ta bar shi da wata ɗabi'a da ba ta jin magani: ba ya wuce keke bai danna tayarsa da yatsa ba, ko na ɗan aike ne aka jingine a ƙofar banki. Da haka ma suka san juna. Tun da koci ya koya masa sakin iska, Mubashir kan taho da tayoyinsa a sake yadda ya baro yashin Mamzar, ya jingine keken a gefen benci, kafin ya gama sallama yatsan Baba ya riga ya isa.

"Yaro, tayarka ba iska."

"To, Baba, zan buga."

"Haka ka ce wancan makon. Za ka kashe tif, ka kashe taya, sannan ka zo kana neman mai faci a garin da ba su san faci ba."

Kullum haka, kuma kullum Mubashir sai ya yi murmushi ya ce to. Bai taɓa yi masa bayani ba. Ta ina za ka fara gaya wa mutumin da ya fara facin taya tun ba a haife ka ba cewa akwai abin da bai sani ba a kan iska? Ban da haka ma yana jin daɗin faɗan. A duk faɗin Dubai, Baba ne kaɗai ke masa faɗa a kan abin da ba aikin shago ba.

A wannan Juma'ar, da Mubashir ya zaro hankici, takardar ta biyo shi ta faɗi. Baba ya ɗauka ya miƙa masa, ya ga hoton keke a samanta, ya tambaya. Mubashir ya ba shi labari a taƙaice, kansa a sunkuye, yana juya loma ɗaya a cikin miya.

"Riƙe keke kawai?" in ji Baba.

"Riƙewa, Baba, da wanke wanda na jefar. Awa guda ne, amma a rana ake tsayuwa."

"Kuma kwana huɗu kana yawo da ita ba ka faɗa mini ba?"

"Na ga kana da aiki."

"Aikin me? Kwali ba ya gudu. Khalas, magana ta ƙare, rubuta. Halliru Muhyiddeen, mai gyaran keke, Fagge."

"Baba, suna kawai suke so."

"Rubuta duka."

Ya rubuta duka, har ya ɗan shiga gefen takardar.

Ranar Asabar da sassafe motar shago ta sauke su a filin. Baba ya sha farar shadda da hula zanna, kamar mai zuwa ɗaurin aure, a hamatarsa da wani dogon abu naɗe cikin tsumma. Mubashir ya ɗauka lema ce. An kewaye hanyar tsere da igiya da tutoci, kuma da yake ƙasar ba ta da taɓo nata na kanta, sai da aka kawo tankar ruwa biyu aka kwarara a wani kwari aka yi ta kwaɓawa. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallon wannan aiki.

"Ikon Allah. A garinmu gudunsa ake, nan da mota ake kawo shi."

Mubashir ya riga ya auna iskar kekunan biyu tun a shago, ya daidaita su yadda koci ya koya masa. Ya kai Baba wurin canji, ya nuna masa bokiti da buroshi, ya nuna masa yadda zai tsaya da yadda zai riƙe sirdi da ƙaho ya sake da zarar an kama. Suka gwada sau uku. Baba ya kama abin tun a na farko, ya yarda aka ƙara biyun ne don hankalin yaron ya kwanta. Da za su rabu, magana ta zo wa Mubashir har bakinsa, kamar ya ce Baba kar a taɓa tayoyin. Ya dubi farin gemun, ya dubi shaddar da aka goge don shi, ya haɗiye.

"Allah ya ba da sa'a," in ji Baba. "Yalla, je ka."

Su talatin da ɗaya ne aka saki. A zagaye na farko Mubashir na tsakiyar taro, ana gogar kafaɗa, yashi na shiga baki. A na biyu ya wuce mutum shida a cikin dogon yashin da ke bayan tudu, su suna gudu da kekuna a kafaɗa, shi yana zaune a kan nasa yana ratsawa. Gefen igiya cike yake da mutane suna kaɗa ƙararrawa suna kiran sunayen 'ya'yansu da yaren da bai sani ba. Amma duk zagaye, in ya zo daidai wurin canji, sai ya ji murya ɗaya, tsohuwa, mai ɗan kaushi.

"Taka, Mubashir. Taka, ɗan Gwammaja."

Rabon da ya ji an kira sunansa da ƙarfi a fili tun yana gida. Abin ya shige shi, ya ƙara taka feda. A zagaye na biyar shi ne na huɗu.

Nan ne taɓon ya fara cin keken. Sarƙa ta soma ƙara, tayar baya na gogar laka. Da ya hango wurin canji a farkon zagaye na shida ya ɗaga hannu, ya diro da gudu, ya saki mai dattin, ya cafki wanda Baba ya miƙo, ya haye. Canjin ya yi kyau, ko 'yan Beljiyam ba su fi haka iyawa ba.

Tun a kwanar farko ya ji. Keken na tsalle a ƙarƙashinsa, duk tsakuwar da ya taka sai ya ji ta a haƙoransa. Da ya shiga yashi tayar gaba ta nutse kamar wuƙa, ta karkace, ya tsinci kansa a ƙasa. Ya tashi ya danna tayar da yatsa. Dutse. Bai buƙaci a gaya masa abin da ke cikin tsumman nan ba.

Ya saɓi keken ya ruga. Mutum biyu suka wuce shi. Ya ce a ransa ba komai, zagaye ɗaya ne, zai koma ya karɓi na farkon. Ya lallaɓa ya kai, yana zamewa a kowace kwana, ya ɗaga hannu. Baba na tsaye a shirye, shaddarsa duk ta yi laka har gwiwa, ya wanke keken tas yana ƙyalli. Mubashir ya haye, ya taka sau uku, ya ji irin tsallen nan. Baba ba mai yin rabin aiki ba ne. Wannan ma ya buga masa.

Babu abin da ya rage sai ya ja gefe. Ya durƙusa a cikin yashi ya kwance bawul, ya danna, iska ta fara fita da ƙara, ta gaba sannan ta baya. Yana durƙushe yana jin su suna wucewa ta bayansa ɗaya bayan ɗaya, bai ɗaga kai ba. Da ya koma kan keken ya yi gudun da bai taɓa yin irinsa ba, ya kamo biyu a zagayen ƙarshe. Na tara ya zo.

Yana tsaye ya kifa goshi a kan ƙahon keke yana haki, sai ga koci. Ya wuce wurin keke na biyun da ke jingine a jikin igiya, ya danna tayarsa. Ya sake dannawa.

"Wa ya yi wannan?"

Baba Halliru na can taku goma, yana naɗe famfonsa cikin tsumma. Tsohon famfo ne na ƙarfe, fentinsa ya goge, an ɗaure masa tiyo da zaren roba. Yana naɗewa yana murmushi, yana ɗaga wa Mubashir hannu.

"Ni ne," in ji Mubashir.

Kocin ya dube shi, ya dubi tsohon da abin da ke hannunsa, ya sake duban Mubashir. Da alama ya gane, amma bai ce ya gane ba. Ya ce ya yi tsere mai kyau, ya ce magana ɗaya ya yi wa kowa, kuma wani yaro ɗan Afirka ta Kudu da ke zaune a Dubai ya zo na biyar. Ya ce wataƙila baɗi. Ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya juya wurin yaransa.

Baba ya iso da robar ruwa. "Na tara cikin talatin da ɗaya, kuma duk Turawa. Wallahi ka yi ƙoƙari, yaro. Allah ma ya sa na zo da wannan." Ya ɗan bubbuga famfon. "Kana tashi na duba na ga tayoyin duk sun saki, gaba da baya. Na ce wannan yaro da sakacinsa. Ka san tun daga Kano na taho da shi? Shekara goma sha ɗaya yana ƙarƙashin gado, ba wanda ya taɓa cewa Halliru zo ka duba mini keke. Yau dai ya yi aiki."

"Na gode, Baba," in ji Mubashir. Ya sha ruwan don kar ya ƙara magana. Ya riga ya yanke a ransa cewa ba zai taɓa faɗa ba, zai riƙe abin shi kaɗai, ai ya saba.

Sai dai hanyar zuwa mota ta bi ta gaban inda aka jera kekunan waɗanda suka yi nasara. Baba na gaba, yana ba da labarin wani tseren keke da aka taɓa yi daga Kano zuwa Wudil, hannunsa ya kai kan keken wanda ya zo na ɗaya ba tare da ya sani ba. Yatsan ya nutse. Ya ci gaba da magana, ya danna na biyu. Maganar ta tsaya a tsakiya. Ya danna na uku, ya danna na huɗu, ya koma ya sake danna na farkon, gaba da baya. Mubashir na tsaye a bayansa da keke a kowane hannu, ba halin ya ja shi su wuce.

A cikin mota sun yi nisa sosai, har dogayen benayen gari sun fara bayyana, kafin Baba ya yi magana. Bai juyo ba, gilashi yake kallo.

"Da gangan ake sakin su?"

"E, Baba. Saboda yashi."

"Duk ranakun nan da nake ce maka tayarka ba iska."

"E."

"Wurin da Baturen ya ce zai kai ka, shi ke nan?"

Mubashir ya sunkuyar da kai.

"Da ka faɗa mini," in ji Baba a hankali. "Ni ba na ƙin a koya mini abu."

"Na ji nauyi ne, Baba."

Baba ya gyaɗa kai. Ya sauke famfon daga cinyarsa ya ajiye a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. A Al Ras ya sauka, ya ce a gaida mutanen gida, ko da yake ya san ba mutanen gida a Al Nahda.

Ranar Talata 'yan Beljiyam suka tashi. Ɗaya daga cikinsu ya turo wa Mubashir hoton titin garinsu da dusar ƙanƙara, ya amsa da babban yatsa. Ya koma yashin Mamzar da safe kamar da, shi kaɗai, sawun tayarsa ne kawai a wurin.

Ranar Juma'a ya daɗe yana shawara kafin ya gangara Al Ras. Baba na nan a ƙarshen benci kusa da bango. Mubashir ya yi sallama, ya jingine keken inda ya saba. Hannun Baba ya taso da kansa, ya yi rabin hanya zuwa tayar, ya tsaya. Sai ya mai da shi ya sa a aljihu.

Suka gaisa sosai, ya aiki, ya gajiya, ya mutanen Kano. Hajiya Suwaiba ta kawo tuwo. Mubashir ya ci loma biyu yana jiran faɗan nan na taya, bai zo ba. Ya sa ƙafa a hankali ya turo keken gaba kaɗan, har tayar ta taɓa gwiwar tsohon.

Baba Halliru ya janye ƙafarsa, ya matsa jikin bango ya ba keken wuri.